Majinyaciyar da Ta Yarda da Kowa

"Na tambaye ki ko barci ya yi miki yawa, kin ce eh. Na tambaye ki ko barci na gagarar ki, kin ce eh. Malama Hauwa, wanne zan rubuta?"

Na ce wa likitar, "Wanda ya fi miki sauƙi."

Ta ajiye biro.

Assalamu alaikum, 'yan zaurenmu na tsofaffin ɗalibai. Tun kafin azumi ba ku ga saƙona ba. Ban mutu ba, ban kuma yi aure ba. Jinya na yi.

Kun san ni. Duk wanda ya turo abu, ni ce ta farko: "Gaskiya ne." "Madalla." Ranar musun yajin aiki, kowane ɓangare na rubuta masa a asirce cewa ina bayansa. Aminiyata Zulai ta turo imel in "ɗan duba" mata kundin digirinta na biyu, na ce to, na wayi gari ni ke rubuta shi. Ita kaɗai ta rage mai zuwa gidanmu, ina tsoron ta daina.

Kun ɗauka sauƙin kai ne. A kafen intanet na bakin kasuwar Azare nakan yi ta gyara layi ɗaya na saƙo har lokacina ya ƙare, hannuna sharkaf da gumi. In aka yi jinkirin amsa min saƙon tes, sai in bi da "Yi haƙuri in na ɓata miki rai."

Sai bugun zuciya. Waya na ƙara, ƙirjina ya ɗauka. Na daina zuwa biki, na daina shiga ɗakin malamai. Wata safiya na yanke jiki na faɗi a gaban aji.

A asibiti aka ɗebi jini, aka ce taifot, aka ɗaura ruwa. Kullum likita ya zo zagaye ya ce, "Ya jiki?" in ce, "Da sauƙi." Haka aka tarbiyyantar da mu. Shi kuma sai ya rubuta cewa magani na aiki, ya ƙara wani. Bawan Allah ya sha karatu, ina ni ina kunyata maganinsa?

Allura ta kumbura min hannu. Albashina ya ƙare a kantin magani, Inna ta sayar da tunkiyarta. Gwajin zuciya ya fito lafiya lau. A nan na fi tsorata, don na san ƙofar da ta rage.

Inna ta ce sammu ne. Na ce gaskiya ne. Yaya Sani ya ce boko ne ya yi min yawa. Na ce gaskiya ne.

Ƙofar ita ce ta likitar ƙwaƙwalwa, wadda kowa ke wucewa da sauri. Likitar ita ce mai biron nan. Ta ce, "Ciwon tsoron mutane ne, yana da magani. Amma ba zan iya warkar da mai rarrashina ba." Ta ba ni ƙwayoyi, ta kuma sa ni faɗin ra'ayina na gaskiya kullum, ko da kan gishirin miya ne.

Yanzu ina koyarwa, ina cin abinci. Tsoron dai bai gama tafiya ba.

Na gode wa Allah, na gode wa Inna da Yaya Sani da suka yi zaman jinyata ba su san ciwon me suke jinya ba.

Shawarata: in kun shiga wurin likita, ku bar amsar gaisuwa a waje, ku faɗi inda ke ciwo. In kuna da ƙawar da ba ta taɓa saɓa muku ba, ku je ku dubo ta.

Ranar Asabar na kai wa Zulai takardunta har gida. Na so in tura tes, likita ta hana.

"Ba zan iya ƙarasawa ba, Zulai."

"Jikin ne?"

Da na ce eh, da ta kawo min kunun aya.

"A'a. Ba na so ne."

Ta ce, "Wallahi Hauwa, kin fi kirki kafin ki warke."

"Na sani."

Na sa takalmina. Ba ta taka min ba. Ban kai bakin titi ba na ji ƙofar ta rufe, na tsayar da ɗan acaɓa.