Rigar Da Ta Hana Ni Durƙusa Wa Kakata

A shekarun farko na samun 'yancin kai, ni budurwa ce mai koyarwa a makarantar firamare a Kontagora, ga son gayu kamar me. Akwai wani tela a bakin kasuwa da ake cewa kansa da motsi, don ba ya ɗinka abin da ido ya saba gani. Da sunan ɗan yayata ya matso, na kai masa yadi mai ruwan shuni, na ce ya yi yadda ransa ya so.

Har yau ban sake ganin irin rigar nan ba. Siraran tsinkayen gora ya jera a cikinta daga ƙugu zuwa ƙasa, ta buɗe kamar furen kabewa a kife. In na taka sai ta yi lilo ita kaɗai. Da na shiga gidan suna mata suka yi tsit, mai tuƙa tuwo ma ta saki muciya.

Sai aka ce kakata ta iso daga Kumbashi. Ita ta raine ni, idonta ya tafi, kuma ba ta gane jika sai ya durƙusa ta dafa kansa. Na je gabanta, riga ta ƙi lanƙwasuwa. Ta miƙo hannu ta dafa iska, ta sake miƙowa, sannan ta tambaya a hankali ko boko ne ya sandarar mini da gwiwa. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zube da ƙarfi, gora ta kakkarye, ɗaya ta yanke ni a cinya. Ta dafa kaina ta sa albarka, sai yatsunta suka bi ɗinkin har ƙasa. Ta daɗe tana shafawa, ta ce mai wannan hannu baiwa gare shi, amma ya manta mutum ne zai sa rigar.

Na kai wa telan rigar da maganar kakata, ina tsoron faɗa. Sai ya sa na durƙusa, ya auna ni a haka. Ya zare gorar, ya maye gurbinta da igiyar rama mai laushi, rigar ta tashi kamar dā, kuma tana zama in na zauna. Tun daga ranar ba ya yanka yadi sai mai shi ya durƙusa, ya zauna a tabarma.

'Yan'uwana mata, ba na hana ku sabon yayi, ni ma ban daina ba. Amma kafin ku fita, ku durƙusa a ɗaki tukuna. Tabon cinyata ya ɓace tuntuni, hannun nan da ya dafa iska ne ban manta ba.