Hannayen 'Yan Dambe a Jakar Kawu

Jiya muka bi ta Challawa a adaidaita sahu, warin jima ya bugi hancina, sai ga Kawu a idona kamar bai rasu ba.

A kamfanin fata ya yi aiki har ya tsufa. Guntayen fatar da aka zubar yake tsincewa ya tafi da su gidan dambe. In shahararren ɗan dambe ya kwance zaren hannunsa, sai Kawu ya roƙe shi ya dunƙule hannun, ya tsoma a shuni, ya danna masa a fata.

Wata Juma'a ya zazzago su daga jakarsa ya baje mini a tabarma, hannaye shuɗaye birjik. Yana shafa kowanne yana kiran mai shi a hankali, har na ji kamar kalangu na tashi daga nesa.

Na ce, "Kawu, ku kawo in rubuta sunayensu a baya."

Ya yi dariya. "Haba, wa zai manta da wannan hannun?"

Yau jakar tana ɗakina, ko ɗaya ban san na wane ne ba.

Allah da Ya san kowane hannu, Ya miƙa wa Kawu littafinsa a na dama.