Ƙwayar Maƙwabciya

Aji huɗu na yi a firamare, amma a gidanmu na Gummi ni ne likita, don ni kaɗai ke karanta bayan kwalin magani, da ƙarfi kuma.

Shekarar da aka ga ƙullutu a nonon uwargidata, asibiti suka ce sankara ce. Maƙwabciyarmu, wata malamar makaranta Kirista, ta taɓa yin irin ciwon, kullum tana shan wata ƴar farar ƙwaya. A unguwarmu kuwa magani kamar gishiri yake, ta katanga ake roƙonsa. Uwargida ta leƙa ta roƙa.

Malama ta ce, "Inna, ba ni ba ki. Sai an gwada tsokarki. Wata sankarar sinadarin jikin mace take ci, ƙwayar nan ita ke hana ta abincin. In taki ba irinta ba ce, kina sha tana girma."

Uwargida ta dawo tana huci. "Shekara nawa tana cin tuwona, yau ƙwaya guda ta gagara."

Na gyara hula. Na ce, "Hajiya, lokacin da nake haƙar zinari wajen Bukkuyum, ba mu sayen buhun dutse sai mun daka kaɗan mun wanke a tasa. Ba kowane jan dutse ke da arziki ba."

Ta ce, "Malam, rami bakwai ka gwada. Mi ka kawo gida ban da tari?"

Na sake gyara hula. Mai ilimi ba ya biye wa marar lafiya.

A asibiti aka yanki ɗan abu daga ƙullutun, bai kai ƙwayar gero uku ba, aka sa a kwalba. Ni na kai shi ɗakin gwaji a Sakkwato, rungume a aljihun gaba. Mako uku uwargida ba ta aika tuwo ta katanga ba.

Takarda ta zo: tata mai cin sinadarin ce. Bayan an yi mata aiki, likita ya rubuta ƙwaya. Na karanta kwalin da ƙarfi. Ita ce dai ta malama.

"To, ina amfanin kwalbarka?" in ji uwargida.

Bara ƙwayar malama ta ƙare kafin ta samu zuwa birni. Ta leƙo ta katanga a kunyace.

Uwargida ta dube ta sama da ƙasa. "Sai an gwada ki, ɗiyata."

Sannan ta kwance bakin zane, inda take ƙulle ƙwayarta.