Gidan Siminti a Bakin Hanyar Kaduna

Na tsufa, abubuwa da yawa sun zube mini a kai, har sunayen jikokina sai na yi ta lalube. Amma neman ɗakin hayar da na yi a Suleja, da abin da ya biyo bayansa, wannan kam da shi za a binne ni.

Lokacin ba a daɗe da cewa za a gina sabon babban birnin ƙasa a yankinmu ba. Ni kafinta ne daga wani ƙauye kusa da Lambata, na sami aiki a wani kamfanin gine-gine. Da na sauka Suleja sai na tarar duk duniya ta riga ni. Magina, direbobi, akawuna, kowa da akwatinsa a ka yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Ni a shagon wani tela ɗan garinmu nake kwana, tsakanin keke da tarin ƙyallaye. Matata kuwa na bar ta a ƙauye da cikin fari. Mahaifiyarta ta rasu, tawa ma haka, gidanmu daga tsohona sai ƙannena maza. Na yi mata alkawari ba za ta haihu a can ita kaɗai ba, zan kawo ta birni.

Da farko da izzata na fito. Na ce wa dillali ina son ɗaki da falo, daɓen siminti, rufin kwano, famfo a tsakar gida, kuma kusa da inda motar kamfani take ɗaukarmu. Ya kalle ni ya ce, "Malam, gidan gwamna kake nema?" Duk ranar Lahadi muna yawo tun hantsi har la'asar. Mako na biyu na yafe falo. Na uku na yafe famfo. Har unguwar Chaza muka taka, aka nuna mini wani ɗaki da aka fitar da awaki jiya-jiya. Takalmina ya cinye, ƙafafuna suka yi kanta, na gaji da gaisuwa, na gaji da jin "an riga ka". Wallahi har na tsani ranar Lahadi.

Bayan wata biyu aka tsaya a kan gidaje uku. Biyu a cikin gari suke, kuma gidajen ba-shiga ne. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Masu gidajen kuma bakinsu ɗaya: "Ba ma ba gwauro haya. In da gaske kana da iyali, kawo ta mu gani, ita za ta shiga ta duba." Haka na je na ɗauko baiwar Allah a bayan akori-kura, cikinta wata bakwai, ta kwana wurin matar telan.

Gidan farko na kusa da kasuwa ne. Ta shiga, ban gama gaisawa da mai gidan ba ta fito. Ta ce a hankali, "Malam, mu je. Ko tabarma ba wadda ta miƙo mini."

Na biyu tsohon gidan ƙasa ne, rufin azara, na wata dattijuwa da surukanta. Nan kam ta shiga ta manta da ni. Ina tsaye a zaure ina ƙare wa ƙofa kallo, gara ta cinye gindinta, na ƙwanƙwasa azara na ji ta ruɓe. Kafinta ne ni, abin da idona ya iya gani ke nan. Ta fi awa guda. Da ta fito sai na ga tana murmushi, da dafaffiyar gyaɗa ƙulle a bakin gyalenta. Ta ce, "Nan ya yi mini." Na ce, "Nan? Gidan da zai faɗo mana a ka da damina?"

Na ukun sabo ne fil, a bakin hanyar Kaduna. Ɗakuna a jere suna kallon juna, siminti sumul, kwano yana ƙyalli, ƙofofin katako masu kyau. Nan ba mai hana ni shiga, na duba komai da idona. 'Yan hayar duk ma'aikata ne irina, daga kudu da arewa, mutanen kirki. Ta tsaya a tsakar gidan tana waige-waige, sannan ta ce, "Malam, gidan nan ba mata."

Kun san abin da na ce? Na ce, "Ai ya fi. Ba gulma, ba faɗa a kan murhu." Har dariya na yi, ina jin na yi dabara. Gaskiya kuma na gaji ne, so nake a gama. A ranar na karɓi makulli.

Muka tare. Kullum da asuba mota ta kwashe mazan gidan kaf, ba mu dawowa sai rana ta yi ja. Ita kaɗai take wuni da ƙarar manyan motoci. In na dawo na tambaye ta, sai ta ce lafiya lau. Ni kuma sai in ci tuwo in miƙe ƙafa.

Wata Talata na dawo na tarar da ƙofa a buɗe, tsintsiya a yashe a bakin ɗaki, shara rabi an share rabi ba a share ba. Na yi kira, shiru. Na fita kamar mahaukaci ina tambayar duk wanda na gani. Wata mai sayar da ƙosai a bakin titi ta ce, "Mai cikin nan? Tun hantsi na ga ta nufi cikin gari, tana tafiya tana dafa bango. Na yi mata magana ta ce ba komai."

Nan take na gane inda ta nufa, ban ma san yadda na kai tsohon gidan dattijuwar nan ba. Na yi sallama a zaure. Can dattijuwar ta fito tana goge hannu da zane. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Kai ne mijin?"

Na durƙusa na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "To ka gode wa Allah. An sauka, mace ce, duk suna da rai. Amma da azahar ta iso nan da rarrafe, a bakin zauren nan muka ɗauke ta. Kuma ka sani, ba inda za ta sai ta yi arba'in." Ta juya za ta shiga, sai ta tsaya. "Ɗana, ranar da kuka zo duba ɗaki, yarinyar nan ko leƙa ɗakin ba ta yi ba. Zama ta yi kusa da ni, ta tambaye ni ko na iya karɓar haihuwa, ko akwai mai dafa mata ruwan wanka. Ta ce ba ta da uwa, tsoro take ji. Kai ba ta gaya maka ba?"

Ta gaya mini mana, da iyakar bakin da kunya ta bar mata. Ni ne ban tsaya na ji ba. Na zauna a ƙasan zauren nan na yi kuka, ƙato da ni, yaran gida suna leƙena.

Shekara tara muka yi a gidan dattijuwar. Matata ta riga ni tafiya, Allah ya jiƙanta, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa yi mini gorin ranar nan ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Abin da na koya shi nake gaya wa duk yaron da ya zo mini da zancen neman gida: kafin ka duba rufi da daɓe, koma ka tambayi wadda za ta wuni a ciki me take tsoro. In ta amsa maka da magana ɗaya gajeriya, kada ka yi dariya.