Mai Buta da Motar Tela

A garejin da ke bayan tashar mota babu mai kiransa da sunansa na yanka. Mai Buta kowa ke cewa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Wata shuɗiyar butar roba ce da rana ta cinye mata launi, ba ya rabuwa da ita. Sana'arsa gyaran ƙofa da gilashin mota, amma abin da ya yi suna a kai shi ne yoyo. Duk motar da ruwan sama ke shiga cikinta aka rasa ta inda yake bi, wurinsa ake kai ta. Allah ya jiƙansa, watansa biyar ke nan a ƙasa, kuma har yau amininsa Tela ba ya iya wucewa ta ƙofar garejin sai ya kau da kai. Akwai kalma ɗaya da ya kamata ya kai masa, bai kai ba.

A layi ɗaya suka tashi, gida na kallon gida. Mahaifin Mai Buta gyaran rufin kwano yake yi, kuma a wurinsa ya ɗauki abin da ya ci abinci da shi duk rayuwarsa, wato inda ruwa ke ɗiga ba nan ne ya shiga ba. Bai yi nisa a makaranta ba. Da wankin mota ya fara, daga nan ya koma ɗaure ƙofa da sa gilashi. Gilashin wata babbar mota ya tafi masa da kan ɗan yatsa ɗaya, hayaƙin fentin maƙwabtansa kuma ya bar masa tarin da ba ya warkewa. Ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya'ya mata uku, kuma duk kayan da suka sa tun suna goye Tela ne ya ɗinka, ko da yake bai taɓa kawowa ranar da ya yi alkawari ba.

"Kai da a ce kai ne mai yanka likkafani, da babu wanda za a binne a kan lokaci," in ji Mai Buta.

"Kai kuma da me ka fi ni? Mutum ya kawo maka mota gyara, ka tsaya kana shayar da ita kamar akuya."

Haka suke kullum da azahar, a kan benci ɗaya, kwano ɗaya, fiye da shekara talatin.

Aikinsa yana da tsari. Kafin ya shiga motar mutum sai ya cire takalmi. Ya durƙusa ya shinshina kafet, ya shafa rufin ciki da bayan hannu, sannan ya fita ya ɗauko buta. Ba ya kwarara ruwa. Kaɗan kaɗan yake zubawa, wuri ɗaya a lokaci ɗaya, ya jira. Masu gaggawa kan gaji su tafi, bayan sati biyu kuma su dawo.

Da Tela ya sayi mota, ta farko a rayuwarsa, sai ya zaɓi mai tagar gilashi a rufi. Tsohuwa ce, amma tana sheƙi. A ruwan farko na damina ya shiga ya taka kafet, ya ji ruwa ya cika masa silifas. Ya tuƙo ta gareji rai a ɓace.

Mai Buta ya leƙa ciki ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Aboki, wannan ai ba mota ka saya ba, rijiya ce mai taya."

"Bar surutu, ka shafe min tagar nan da gam a huta."

"Gam? Kai ka taɓa ɗinke wa mutum wuyan riga don kada iska ta shiga?"

Ya zuge tagar, ya sa Tela ya hau kan benci ya gani da idonsa. Ya nuna masa wata 'yar kwata da ta kewaye tagar daga ƙasa, da ƙananan ramuka huɗu, kowace kusurwa ɗaya. Ya ce waɗanda suka ƙera motar sun san ruwa zai ratsa ta gefen roba, shi ya sa suka yi masa hanya. Kowane rami yana da siririn tiyo da ke bi ta cikin jikin motar ya zubar a ƙasa. Idan datti ya toshe tiyon, kwatar ta cika, sai ruwa ya malalo ciki. Ya zuba ruwan buta a kusurwar dama, suka leƙa bayan tayar gaba. Ko ɗigo.

Mai faci, wanda rumfarsa ke kusa, ya taso da tiyon injin iskarsa. "Kawo in hura mata, minti ɗaya an gama."

"Ka hura tiyon ya cire a cikin ƙarfe, mu kwance rufin gaba ɗaya? Koma kan tayarka, Allah ya ba ka kasuwa."

Mai Buta ya ɗauko wayar birkin keke mai laushi wadda ya naɗe bakinta, ya zira ta a ramin yana murzawa da yatsa biyu, kansa a karkace kamar mai sauraron wani abu. Ya zaro ta da baƙar laka, ya goge, ya sake. Ramuka huɗun suka ci masa yini guda. Da la'asar ya sake zuba ruwa, sai ga shi yana tsiyaya bayan taya, da farko baƙi, daga baya fari tas. Murnar da ya yi, sai ka ce rijiya ya haƙa ya cim ma ruwa.

"To ga sharaɗi," in ji shi. "Tsamiyar nan ta ƙofar shagonka, kada ka ƙara ajiye ta a ƙarƙashinta. Ganyenta ƙanana ne, daidai bakin ramin nan. Kuma ka riƙa kawo ta duk wata har damina ta wuce."

Tela ya ce to. Kwana uku ya ajiye ta a rana. A na huɗu ya taɓa sitiyari ya ƙona shi, sai ya mai da ita inuwa. Kuma gaskiya, daga ƙarƙashin tsamiyar ne yake hango ta daga kan kekensa na ɗinki, masu wucewa ma suna ganinta. Maganar kawo ta duk wata kuwa, ta bi sahun sauran alkawuran Tela.

Wata biyu bayan nan ya gama wasu fararen kaya na wani gida guda, uba da 'ya'ya, ya goge ya jera a kujerar baya don ya kai. Kafin ya rufe shago aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da aka ɗauke ya buɗe motar, ya tarar rufin ciki yana ɗiga, baƙin ruwa ya zana taswira a kan fararen kayan tun daga na sama har na ƙasa. Mai kayan bai raga masa ba.

Da wannan zafin ya isa gareji. Mai Buta na tsaye da wasu mutum biyu da suka kawo masa aiki. Tela ya fizgo riga ɗaya ya jefa a kan motar da ke gabansu.

"Ga gyaranka nan!"

"Subhanallahi. Aboki, a ina ka ajiye ta?"

"Kada ka tambaye ni! Shekara talatin kana yawo da buta kana yaudarar mutane. Ba gyara ka iya ba, shayar da mota ka iya. Da na kai wa masu aikin gaske da ban ga wannan ba."

Maganar ce dai da suka saba yi a kan benci, amma wannan karon babu dariya a cikinta, kuma a gaban baƙi. Mai Buta ya buɗe baki, tari ya riga shi. Da ya lafa, ya ɗauki rigar ya ninke ta a hankali. Ɗaya daga cikin mutanen nan biyu ya shiga motarsa ya tafi.

A ranar Tela ya kai motar wani wuri aka shafe tagar da baƙin gam. Daga ranar kuma ya daina zuwa benci. Idan ya hango Mai Buta daga nesa sai ya sauya hanya. Sau biyu mai faci ya zo shago yana cewa, "Haba Tela, ku fa ba yara ba ne," shi kuwa sai ya ƙara taka keke don kada ya ji.

Gam bai yi wata guda ba rana ta tsattsaga shi. Wajen ƙarshen damina motar ta ƙi tashi, fitilunta suna kamawa suna ɗaukewa. Mai gyaran wutar mota ya ɗaga kafet ya sami ruwa kwance a kan wayoyi. Ya bi sawu har ya kwance murfin ƙarfen gefen gilashi, ya ciro tiyon, ya matsa shi a tafin hannunsa. Ruɓaɓɓen ganye ne ya fito, ƙanana, wasu ma ba su gama narkewa ba.

"Malam, a ƙarƙashin bishiya kake kwanar da ita? Wanda ya fara gyara maka ya san aiki, dubi yadda ya share tiyon nan bai huda shi ba. Ganye ne ya sake cika shi."

Tela ya tsaya yana kallon ganyen. Ya san su. Kullum da safe su yake sharewa a ƙofar shago.

A nan ne ya kamata ya wuce gareji kai tsaye, tafiyar da ba ta kai minti goma ba. Amma kunya ta ce masa bai dace ya je hannu biyu ba. Ya shiga kasuwa ya yanko yadi mai kyau, ruwan toka, launin da Mai Buta ke so. Bai nemi awo ba, ya san faɗin kafaɗar nan tun suna samari. Ya ce a ransa kwana biyu zai gama, ya kai masa, ya ce, aboki ka yafe ni. Ya yanka a ranar. Sai kayan makaranta suka shigo, ya ce gobe. Ya haɗa jiki da hannu, sai ya ga aljihun bai yi masa ba, ya farke. Mai faci ya biyo ya ce, "Mutuminka fa kwana huɗu bai fito ba, tarin ya matsa masa." Tela ya ce ai tarin nan sun saba da shi, bari dai ya ƙarasa wuyan rigar. Sati uku ke nan.

Maɓalli kaɗai ya rage safiyar da mai faci ya dawo. Wannan karon bai shigo ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu, ya ce Mai Buta ya cika.

Tela ya bi gawar, ya zauna zaman makoki, bai iya haɗa ido da kowa ba. Bayan mutane sun ragu, matar marigayin ta aika a kira shi. Ya durƙusa daga bakin ƙofar ɗaki.

"Matarmu, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa, Tela. Kai ma ya naka? Ka ɓuya mana. Kullum in na tambaya sai ya ce aiki ne ya yi maka yawa."

"Abin da ya ce ke nan?"

"Me zai ce kuma? Ya ce in ba a yi maka uzuri ba, wa za a yi wa."

Ashe bai taɓa gaya mata ba. Ta miƙo masa butar, da wayar birkin keke a nannaɗe. A jikin wayar an ɗaure wani ƙyallen farin yadi mai tabon baƙin ruwa. Tela ya gane ɗinkinsa.

"Ya ce in ba ka. Ya ce iyakar ƙyallen nan za ka tura, kada ka wuce. Kuma wai a hankali, don ya san hannunka, in abu ya ƙi sai ka sa ƙarfi. Ni dai ban gane ba, na ce zan faɗa yadda ya faɗa."

Tela ya karɓa da hannu biyu. Ya so ya gaya mata komai. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Ni ne ban ji magana ba." Ta ce, "Ku dai kun fi kusa," ta share ido da gefen mayafi.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya fitar da motar fili, ya kankare gam ɗin da reza har yatsunsa suka yi jini. Ya cire takalmi kafin ya shiga. Ya zuge tagar, ya hau kujera, ya zira wayar yana murzawa da yatsa biyu. A rami na biyu ta cije. Ya ji hannunsa yana son dannawa, ya tsaya, ya ja baya kaɗan, ya sake murzawa, ta wuce har ƙyallen ya taɓa bakin ramin. Da la'asar ya zuba ruwan buta a kusurwar dama, ya sauko ya durƙusa a bayan tayar gaba. Ruwan ya fito baƙi, sannan fari. Ya daɗe a durƙushe, ba wanda zai juya ya nuna wa.

Yanzu a rana yake ajiye motar, ya rufa wa sitiyari tsumma. Duk farkon wata yana zira wayar ko ba damina. Rigar ruwan tokan tana rataye a bayan kekensa, babu maɓalli. Mutane da yawa sun taya, yakan ce mai ita bai zo karɓa ba.