Karen Baba Illa Ba Ya Jin Hausa

Har yau ina jin minsharin karen nan, kamar ana jan turmi a kan tsakuwa. Kun san Baba Illa, ƙanen babana, da yadda yake gaida karensa Kumandan kowace safiya kafin ya gaida mutane. Wani Bature da ya yi wa gadi a Agiye ne ya bar masa shi. Bokse ake ce wa irinsu, hanci a murtuke kamar ya yi karo da bango.

Wata uku Baba Illa yana cewa “kwanta”, kare na kallonsa, miyau na zuba. Bai taɓa ɗaga masa sanda ba. Ƙarshe ya kira ni, tunda ina lakol, makarantar boko, ya ce tunda Kumandan ya ƙi koyo, shi zai koya. Na koya masa “kushe”, kwanta ke nan da Faransanci. Ya faɗa, kare ya zube. Baba Illa ya ce wannan ya fi mutanen Gazawa hankali, ana kushe shi sai ya kwanta.

Shekarar da fari ya ci shanu, ya ɗaure Kumandan gindin rumbun iri, ya shimfiɗa masa tsohon buhu. Muna cin tafasa ba gishiri, shi kuwa ya rantse ba mai taɓa gero sai ruwa ya sauka.

Wata azahar babana ya taho da gatari zai fasa rumbun mu ci irin, idonsa jajir. Kare ya miƙe, igiya ta yi tsiri, gurnani na fita daga ƙirjinsa. Babana ya ɗaga gatarin.

“Illa, ko rumbu ko kansa.”

“Yaya, rumbu naka ne. Hadiza, yi masa magana, lafazinki ya fi nawa.”

Na ce “kushe”. Kumandan ya daɗe yana kallon gatarin, sannan ya kwanta kan buhunsa.

Aka buɗe rumbu, ba komai sai ƙaiƙayi. Baba Illa ya ce wataƙila ɓera ma Faransanci yake ji. Ba wanda ya yi dariya. Amma ranar da aka yi ruwan shuka, kowane gida a zuriyarmu ya samu ƙwarya cike da iri.

Allah ya jiƙan Baba Illa, ya sanyaya makwancinsa. Sai bayan rasuwarsa matarsa ta gaya mini: tulunan irin suna binne ƙarƙashin buhun nan, inda ba mai salla da zai yarda ya sa hannu.