Zanin Mama mai ruwan ɗorawa

A falon gidanmu a Kafanchan akwai bangon da muka ba wa hotuna. Ga Kaka da sandarsa, ga Baba yana saurayi cikin kakin aikin jirgin ƙasa, duk sun koɗe sun koma ruwan shayi. Mama ce kawai babu. Hoton aurensu gara ta cinye tun ina firamare, ita kuwa da ta hango mai hoto sai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Bayan rasuwarta na kwashe kwanaki ina tonon wayata. Hoto ɗaya tak na samu, ranar bikin godiya a coci. Tana tsaye da kwandon citta a ka, ta ɗaura zanin nan nata mai ruwan ɗorawa, wanda muke tsokanarta cewa ko daga Zangon Kataf za a hango ta. Hasken hoton ya dame ni. Ya yi sabo da yawa, kamar yanzu za ta shigo ta tambayi wanda ya bar ƙofa a buɗe.

A wayar akwai wasu launuka da aka riga aka haɗa, kana taɓawa hoton jiya ya koma na zamanin da. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na dace da wanda ya yi kalar bangonmu, da ɗigo-ɗigo da duhu a gefe. Na kai shago aka wanke, aka sa a firam. Ni dai so nake ta zauna cikin 'yan'uwanta, kamar ta daɗe da tafiya, ko zafin ya rage mini.

A lokacin mantuwa ta fara cin Baba. Wata rana ya san ni, wata rana ya gaishe ni kamar baƙuwa. Babban tsorona kada Mama ma ta ɓace masa. Na miƙa masa firam ɗin ina jiran yabo. Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta, ya juya bayansa.

"Wannan mata, wanene?" in ji shi.

Na ce, "Baba, Mama ce fa."

Ya girgiza kai ya ce matarsa ba ta taɓa ɗaura zani kalar ƙasa ba, ya ajiye a kan kujera. Na fita bayan gida na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza.

Da na wanke fuska na dawo, sai na buɗe masa na ainihin a waya. Ruwan ɗorawan nan ya cika fuskar wayar. Baba ya ɗora yatsa a kan zanin, sannan ya kira ta da sunan da shi kaɗai yake kiranta. Ya ce shi ya saya mata a garin Kasuwan Magani, ta yi sati tana masa faɗan cewa launin ya cika ihu.

Washegari na koma shago aka wanke na ainihin. Yanzu a bangon, cikin koɗaɗɗun nan, ita kaɗai ce mai launi. Baba ma ya rasu bara, ya bi ta. Har yau in na shigo falon da kaya a hannu, nakan waiwaya in rufe ƙofa.